Wai ina aka kwana kan tashar sola ta Ganjuwa, kuma akwai tallafi ga irinmu?

Mai_Ƙanƙara_Wunti:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ƙanƙara da ruwan sanyi nake sayarwa a wajen Wunti, firiza uku gare ni, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareto ne ke cinye ribar, in na tayar da shi daga azahar zuwa isha abin da ke saura ko cefanen gida bai kaiwa. Ga rana a Bauchi kamar ta fasa kai, a banza take zuba. Na tuna an taɓa cewa za a kafa babbar tashar sola a ƙaramar hukumar Ganjuwa nan jihar Bauchi, ina labarinta? Kuma tallafin solar nan da ake ta faɗa a rediyo, mutum ɗaya kamata zai samu ko sai kamfani?

Injiniya_Yelwa:
Wa alaikumus salam Alhaji. A 2016 ne kamfanoni 14 suka sa hannu da NBET, wato masu sayen wuta a sari na gwamnatin tarayya, za su samar da sama da megawat 1,000 na sola, ta Ganjuwa megawat 100 ce a ciki. Abin da ya tsayar da su farashi ne da lamuni, an yi yarjejeniya kan santi 11.5 na dala kowane yunit, daga baya gwamnati ta ga ya yi tsada, su kuma masu ba da bashi suka ce ba za su saki kuɗi ba sai an ba su tabbacin biya, shi kenan aka yi ta jan ƙafa. Amma ba wai abin ba ya yiwuwa ba, ga ta Kano mai megawat 10 a Kumbotso da Buhari ya buɗe a Janairun 2023, ga kuma ta jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a Gubi.
Maganar tallafi kuwa, hukumar samar da wuta a karkara, wato REA, ce ke riƙe da shi, akwai shirin DARES na kai wa jama'a wuta irin ta sola da Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023. Sai dai kuɗin kamfanonin da ke kafa ƙananan tashoshi da masu sayar da kayan sola ake ba, kai kuma ka samu da rangwame ko biya kaɗan kaɗan. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin fom zai sa sunanka, ka guje shi.

Ɗan_Ganjuwa:
Injiniya duk na ji, amma ku riƙa tuna manoma dan Allah. Megawat ɗaya yana cin kusan hekta biyu, to lissafa ɗari, gonakin mutane ne da burtalin shanu. Ni ina son aikin wlh, amma a biya diyya da kyau kuma ƙauyen da ya ba da fili ya ga wutar, ba a ja waya ta saman kansa a wuce birni ba. Tunda dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi dama su tsara kasuwar wutarsu, a majalisar jiha ya kamata mu matsa.

Maman_Tela_Gombe:
Malam kar ka zauna jiran babbar tasha. Mu nan ga dam ɗin Dadin Kowa mai megawat 40 a kusa da mu, amma da aka lalata turakun layin Jos zuwa Gombe a 2024 makonni muka yi a duhu, a lokacin na sayar da tumakina na sa fanel huɗu, kekunan ɗinki biyu da fanka suna tafiya lafiya. Abu biyu zan gaya maka, batir shi ne cin kuɗin, na fara da na hannu wata takwas ya mutu sai da na yi kuka, sannan lokacin hunturu ƙura na rufe fanel, in yarona bai hau ya goge da tsumma da sassafe ba sai ka ga caji ya ja baya sosai.

Mai_Ƙanƙara_Wunti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya Allah ya mayar da alheri. Injiniya, tunda ni da rana nake buƙatar sanyin, in na fara da firiza ɗaya ta riƙa aiki kai tsaye daga fanel ba batir, ƙanƙarar za ta kai safe kuwa?