Maldibis ko ayarin Maleshiya da Tailan: wanne zan ce wa maigida?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa hutu ƙasashen Asiya su taimaka mini. Maigida zai samu hutu a watan Agusta, ya ce mu fita da yara biyu, babbar shekararta 9, ƙaramin 4, kuma ya bar mini zaɓi. Wani ejan ya turo mana tsari biyu. Na farko Maldibis, kwana 5 a irin otal ɗin nan da yake tsibirinsa shi kaɗai, kuɗin ya haɗa da tikiti da ɗaki da karin kumallo. Na biyu tafiyar ayari ce ta kwana 8, Kuala Lumpur da Langkawi, sai Fuket ta Tailan, da mota da ɗan rakiya. Kuɗin kusan ɗaya ne. Abin da ke damuna shi ne abinci, sai sutura, don ni hijabi nake sawa kuma ba na son inda yara za su yi ta ganin tsiraici. Ga kuma maganar biza. Ejan ɗin ya ce mu biya rabi kafin ƙarshen mako wai kujeru sun kusa ƙarewa.

Tsohon ma'aikacin kamfanin tikiti:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a zo ga zaɓi, kada ki biya ko kwabo a wannan makon. Maganar "kujeru sun kusa ƙarewa" tun muna sana'ar ake yin ta. Ki ce ya turo miki komai a rubuce: sunan otal, sunan kamfanin jirgi, lokacin tashi da na sauka, da abin da za a mayar muku idan biza ba ta fito ba.

A tsarin Maldibis ɗin nan akwai abin da ban ji kin ambata ba, kuma shi ne babba: wa zai biya kuɗin ɗauko ku daga filin jirgi zuwa tsibirin? Filin jirgin Velana yana kan nasa tsibirin ne kusa da Male babban birni. Daga nan kowane otal irin wannan sai an shiga ruwa, ko ta kwale-kwale mai gudu idan yana kusa, ko ta ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa idan yana nesa. Otal ɗin ne yake shirya wannan, shi yake yanka kuɗin, ba ciniki, kuma kowane kai ake lissafawa har yara. Na mutum huɗu yana iya cin abin da ba ku yi tsammani ba. Shi wannan ƙaramin jirgin ma da rana kawai yake tashi. Idan jirginku ya sauka da yamma liƙis, sai kun kwana a Hulhumale, tsibirin da ke kusa da filin jirgin, da kuɗinku, kwana ɗaya cikin biyar ya tafi ke nan.

Sai haraji. Farashin otal a can ana ɗora masa kashi 10 na hidima, da harajin yawon buɗe ido wanda ya koma kashi 17 a 2025, da harajin muhalli dala 12 kan kowane mutum kowane dare a manyan otal ɗin. Ki tambaye shi ko duk suna ciki.

Hajiya uwar 'yan biyu:
Ƙanwata, ni na je Maldibis da yara, bari in yi miki dogon bayani ki yi haƙuri.

Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, ga kuma ƙari. "Ɗaki da karin kumallo" a otal ɗin da yake tsibirinsa shi kaɗai tarko ne. Babu kanti, babu mai shayi, babu wani gidan abinci sai nasu. Abincin rana da na dare da ruwan sha duk a wurinsu za ku saya da dala, kuma ba inda za ku je. In dai irin wannan otal ɗin kuke so, to a ɗauki tsarin da ya haɗa da abinci uku, a san an gama biya tun daga gida.

Amma da na ji kin ambaci hijabi da tsiraici, ina ga ba shi ne ya dace da ke ba. Mutane suna jin Maldibis ƙasar Musulmi ce sai su ɗauka ko'ina haka yake. Waɗancan otal-otal ɗin duniyarsu daban: suna da lasisin sayar da giya, wasu har da naman alade a teburin abinci, kuma Turawa da kayan wankansu suke yini. Ba wanda zai takura miki, ma'aikatan suna da ladabi ƙwarai, amma abin da kika ce ba kya so yara su gani, shi za su gani daga safe har dare. Su kuma ɗakunan nan da ake ginawa a kan ruwa, waɗanda ake ɗauka a hoto, otal da yawa ba sa ba masu ƙananan yara, kuma da gaskiyarsu: daga ƙofa sai teku. Yaro ɗan shekara 4, ai ba za ki runtsa ba.

Akwai wata hanyar da ejan ba sa cika faɗa, ina jin don ribarta ba yawa. Tun 2009 gwamnatinsu ta yarda 'yan ƙasa su buɗe masaukin baƙi a tsibiran da mutane suke zaune. Mu a Maafushi muka sauka. Kwale-kwale mai gudu bai kai awa ɗaya ba daga filin jirgi, akwai kuma jirgin fito na gwamnati daga Male mai araha sosai, sai dai ya fi jinkiri kuma ba ya aiki ranar Juma'a. Tsibirin ƙarami ne, da ƙafa za ki zagaye shi. Ana kiran salla ki ji har ɗaki, shaguna suna rufewa na ɗan lokaci a yi salla, mata da lulluɓinsu, ba giya a tsibirin. Inda baƙi suke wanka da kayansu an kewaye shi gefe guda, in ba ki je ba ba ruwanki. Abinci kuwa ba sai kin tambayi halal ba. Da safe za a kawo miki mashuni, wato kifin tuna da kwakwa da albasa da barkono, a ci da wata gurasa siririya da suke kira roshi. 'Yan biyuna kifin ya gundure su da wuri, Allah ya sa na tafi da yaji da kilishi da garin kunu.

Teku dai ɗaya ce da ta masu tsada. Daga masaukin ake shirya fita: a kai ku tudun yashi a tsakiyar ruwa, a ba ku madubin ido da bututun numfashi ku leƙa kifaye da kunkuru, da yamma a fita kallon dolfin. In maigida yana son ya ga irin wancan otal ɗin, ana sayar da ziyarar yini ɗaya, ku je da safe ku dawo da magariba. Ki sayi rigar wanka mai rufe jiki tun daga gida, kada ki shiga ruwa da doguwar riga ko hijabi mai faɗi, yana jiƙewa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa. Yara kuma rigar ceto dole, ko mai kwale-kwale ya ce ba komai.

Biza a filin jirgi ake bugawa kyauta, ta kwana 30. Amma ki riƙe tikitin dawowa da shaidar masauki a takarda, da katin rigakafin shawara na kowa har yaran, ki kuma cika fom ɗinsu na Imuga a intanet cikin awa 96 kafin isowa. Mai koren fasfo ya san ana yi mana tambayoyi fiye da wasu, gara takardu su cika.

Wani ɗan'uwa:
Ni dai da za a ji tawa, wannan kuɗin umara ya kamata a je da shi.

Hajiya uwar 'yan biyu:
Malam, ba ta ce ba ta je ba. Allah ya kai mu gaba ɗaya, amma a bar baiwar Allah ta ga teku.

Ɗalibi a Maleshiya:
Anti, kada a yi wa Maleshiya rashin adalci. Wajen abinci da salla ba ki da matsala ko kaɗan. Ki nemi tambarin halal na hukumar JAKIM a ƙofar gidan abinci, kuma kusan kowane babban kanti da tasha akwai ɗakin salla da suke kira surau, da wurin alwala na mata daban. Hijabi kuwa ba mai ɗaga ido ya dube ki. Langkawi tana jihar Kedah, kimanin awa ɗaya a jirgi daga Kuala Lumpur, kuma yara sun fi samun abin yi a can fiye da Maldibis: keken igiya mai hawa dutsen Mat Cincang, gadar sama da ke can ƙololuwa, da yawon kwale-kwale a Kilim inda ake ganin gaggafa da kogon jemagu. Ku dai kula da birai, leda a hannun yaro fizgewa suke. Abu ɗaya: tsibirin ba haraji a kan kaya, don haka cakulan da turare da araha, giya ma haka, a bakin tekun Pantai Cenang da dare za ki ga masu sha.

Abin da ban so ba shi ne tsarin kansa. Wuri uku a ƙasa biyu cikin kwana 8, kuma ejan yakan lissafa ranar tashi da ranar dawowa a ciki. Daga Najeriya sai an ya da zango a Doha ko Dubai ko Addis Ababa, ga bambancin awa 7 tsakaninmu da gida. Yaro zai yi ta barci da rana yana kuka da dare, ku kuma ƙarfe 7 na safe mota tana jira. Ki kuma duba ta ina za ku dawo. Idan daga Fuket sai kun sake shiga Kuala Lumpur kun kwana, bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba.

Alhaji mai saro kaya a Bankok:
Yaron nan ya yi magana. Biza biyu za ku nema, kuma ta Tailan ba wasa ba ce ga ɗan Najeriya: sai da takardar wankewa daga hukumar NDLEA kafin ofishin jakadanci ya saurare ku, ita ma tana cin lokaci. In ejan ya ce zai yi muku duka cikin 'yan kwanaki, ki tambaye shi ta yaya.

Game da ayari, araha ba ta ado. Dalilin da ya sa kuɗin yake sauka shi ne ɗan rakiya yana da kamasho a shaguna. Za a ce yau ziyarar gari, a tsaya wurin tarihi minti kaɗan a ɗauki hoto, sannan a kai ku gidan gwal da duwatsu, daga nan shagon katifa da matashin roba, daga nan na zuma da maganin gargajiya, a rufe ku awa guda a kowanne. Ba dole ki saya ba, amma motar ba za ta tashi ba. Abincin ayari kuma inda kamfani ya yi ciniki ake kai ku. A Tailan naman alade yana cikin girki da yawa, har romo da mai. Musulmi suna da yawa a Fuket da kewayenta, akwai ma Koh Panyee, ƙauyen masunta Musulmi da aka gina a kan turaku cikin ruwa a gaɓar Phang Nga, da masallacinsu da filin ƙwallo mai yawo a kan ruwa. Amma sai wanda yake da ikon kansa yake zaɓen inda zai ci. Unguwar Patong kuma da dare ba wurin iyali ba ce, in otal ɗinku a can yake ki ce a canza.

Gargaɗi na ƙarshe, ko ina kuka zaɓa: kada ku karɓi saƙon kowa, ko ƙullin daddawa ne. Ƙasashen nan ba sa wasa da maganar ƙwaya.

Wata 'yar'uwa:
Me ya sa ba wanda ya ce Bali? Ƙawata ta ce ta fi ko'ina kyau.

Tsohon ma'aikacin kamfanin tikiti:
Tana da kyau, kuma Agusta rani ne a can. Amma Indunusiya ta sa Najeriya cikin 'yan ƙasashen da bizarsu sai an tantance ta musamman daga Jakarta, da mai tsaya maka a can. Ba abin da za a fara yanzu don Agusta ba ne. Kuma Bali yawancinsu mabiya Hindu ne, gasasshen alade na cikin shahararren abincinsu. Wanda ya samu bizar, tsibirin Lombok da ke maƙwabtaka ta fi dacewa da irin Hajiya.

Tun da an ambaci watan Agusta, ga abin da ejan bai faɗa ba. Agusta damina ce a Maldibis da Fuket duka, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, shi ya sa farashi ya faɗi. A Fuket teku tana hauka, za ki ga jan tuta a bakin ruwa, ma'ana ba shiga, kuma gaɓar Maya da ake tallata tafiyar tsibiran Phi Phi da ita ana rufe ta a Agusta da Satumba. A Maldibis ruwan yakan zo ya wuce rana ta fito, amma ana iya samun kwanakin da hadari bai washe ba, kwale-kwale kuma yana jijjiga sosai. A tafi da maganin amai da jiri.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na karanta wa maigida duka. Mun tambayi ejan maganar ɗauko mu daga filin jirgi, ya ce "wannan a can ake biya". Haraji ma haka. Mun ajiye maganar ayari, hankalinmu ya fi kwanciya da irin su Maafushi. Hajiya uwar 'yan biyu, mu ɗaga zuwa hutun Disamba ne ko mu tafi a Agustan? Kuma katin banki yana aiki a can?

Hajiya uwar 'yan biyu:
Disamba zuwa Afrilu ne rani, teku tana kwanciya, amma ƙarshen Disamba shi ne mafi tsada a shekara saboda hutun Turawa. In makarantar yara za ta bari, hutun Afrilu ya fi sauƙi. In kuma Agusta ce kawai maigida yake da ita, ku tafi, ku ƙara kwana biyu a kan biyar ɗin don ko ruwa ya cinye muku wasu, kuma kada ku biya kuɗin fita teku tun daga gida, ku bari sai kun ga sama da safe. Kati kada ki dogara da shi. Ku riƙe dala a hannu, sababbi marasa yagewa ko rubutu don suna ƙin tsofaffi, ku canza kaɗan zuwa rufiya, kuɗin ƙasar, saboda jirgin fito da ƙananan shaguna. Ki kuma duba kada saukarku ta faɗo ranar Juma'a.