Dodon koɗin ruwa mai warin kananzir, lafiya kuwa?

Ɗan_Fatakwal:
Salam 'yan uwa. Shekarata shida ina harkar albasa a Fatakwal, har na saba da miyarsu mai ƙananan dodon koɗin nan da suke cewa isam. Jiya maƙwabciya ta aiko mana, ina tsotsar na farko sai na ji wari kamar kananzir, uwargida ta ce wai tukunya ce, wallahi ba tukunya ba ce. Ba maganar halal nake ba. Wai man da ke malala a ruwa yana shiga jikinsu ne?

Malama_Lab:
Wa alaikumus salam. Sosai ma kuwa. Kifi in ruwa ya ɓaci yana iya ƙaura, kuma hantarsa tana narkar da kaso mai yawa na sinadaran ɗanyen mai, amma isam a cikin taɓon yake kiwo inda man ke kwanciya, ita kuma kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, tana manne a saiwar itacen bakin teku tana tace ruwa dare da rana, babu inda za ta je, jikinsu ba ya iya fitar da dattin da wuri sai ya yi ta taruwa. Shi ya sa masu bincike ke auna namansu in suna son sanin halin da teku ke ciki, don ruwan da ka ɗiba a kwalba labarin ranar kawai zai ba ka. A Amurka tun 1986 suke da shiri na musamman kan haka. Sinadaran ana ce musu PAH, wasunsu na jawo kansa. Kuma fa rashin wari ba ya nufin babu su.

Baban_Ummi:
Malam tambayi daga wane rafi aka kwaso. A garin Bodo na ƙasar Ogoni kaɗai mai ya malala a 2008 da 2009, sai 2015 Shell ta yarda za ta biya su fam miliyan 55. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 cewa ya yi gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ga 'yan kpofire kuma, masu tace ɗanyen mai ba bisa ƙa'ida ba, suna ta dafa nasu a daji.

Ɗan_Fatakwal:
Tab. To in an tafasa sosai fa?

Malama_Lab:
Tafasa ƙwayoyin cuta take kashewa yaya, wannan ba mai rai ba ne balle ya mutu. Mai warin dai a zubar, kar a ba yara ko romon.

Ɗan_Fatakwal:
Ai yaran sun riga sun shanye tun jiya. Bari in leƙa wajen maƙwabciyar in ji inda ta saya.