Shawarwarin Kanikawa Kan Matsalar Wuta a Tsohuwar Fijo 504

A wata tattaunawa da aka yi a wani gareji da ke Sabon Garin Zariya, dattawan kanikawa sun yi ittifaƙi cewa idan tsohuwar Fijo 504, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ta ƙi tashi, kada a garzaya a kwance kafireta, mai haɗa fetur da iska, kafin a tabbatar wuta tana isa fulogi. Da batir ake farawa, domin cikakke yana nuna kusan volt 12.6, sannan a kankare tsatsar kawunansa.

Inda suka fi daɗewa shi ne kwantak, wato makunnin da ke buɗewa da rufewa don a samu tartsatsin wuta a fulogi, wanda tazararsa ta kamata ta kasance kimanin milimita 0.4, kuma idan bakinsa yana yawan ƙonewa, galibi kwandensa, ɗan abin da ke rage tartsatsi a bakin kwantak, shi ne ya mutu. Murfin distiributa, abin da ke rarraba wuta zuwa fulogi, idan ya tsage yana ɗaukar danshi da damina, ƙurar hunturu kuma tana taruwa a cikinsa. A ganina, shawarar da ta fi amfani ita ce a mayar da wayoyin fulogi bisa jerin da silindojin inji ke karɓar wuta, wato 1-3-4-2. Motar da ke mutuwa bayan ta yi zafi kuwa, a gwada mata wani kwayil, wato abin da ke ƙara ƙarfin wutar batir kafin ta je fulogi.