Wandon ninƙaya ga namiji: ɗan kamfai dole ne, ko akwai mafita?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Matasa da yawa a Kano suna son koyon ninƙaya a wuraren wanka na otal-otal, amma abu biyu ke hana su. Na farko tufafi: an ce ɗan kamfan nan matsattse shi ne kayan iyo na gaskiya, mu kuwa addini da al'ada ba su yarda da shi ba. Na biyu kunyar jiki: mai tumbi yana tsoron dariya, siriri yana tsoron a ce masa tsinke. Wane wando ya dace, a ina ake samunsa, kuma yaya za a yi da bakin mutane?

Mai Horo na Nasarawa:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya ce maka ɗan kamfai dole ne bai san harkar ba. Tun shekarar 2010 dokar hukumar wasan ninƙaya ta duniya ta ce kayan namiji a gasar kwami kada ya haura cibiya, kada ya wuce gwiwa, kuma ya zama na yadi. Shi ya sa za ka ga 'yan gasar Olamfik da matsattsen wando daga ƙugu zuwa dab da gwiwa, wanda masu shagon kayan wasanni ke kira jama. Ɗan kamfai irin na kamfanin Speedo an fi sa shi wajen atisaye, da tsalle cikin ruwa, da ƙwallon ruwa. A Faransa ne yawancin wuraren wanka na gwamnati ke hana sakakken gajeren wando, dalilinsu tsabta: mutum na iya yini da shi a titi ya shigo musu da ƙura. Wannan dokarsu ce can.

Ga mutumin Kano, abin da ya fi shi ne ninki biyu. Jama a ciki, a ja shi ya rufe cibiya, sannan sakakken wando marar nauyi a sama wanda ya sauka kan gwiwa. Na ciki yana riƙe jiki ko da na waje ya tattare sama, na waje yana ɓoye siffa.

Yadi shi ne inda ake tafka asara. Duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a ƙugu. In an rubuta foliyesta zalla, ko foliyesta da PBT (wani nau'in foliyesta), saya, yana jure sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan wurin wanka. Mai nailan kashi 80 da roba kashi 20 ya fi laushi, amma kulorin yana cin robar, bayan 'yan watanni sai ya saki ya yi shara-shara ta baya. Auduga kuwa kada ka kusance ta: tana shan ruwa ta yi nauyi, ta manne a jiki, gashinta kuma ya toshe matatar ruwan, shi ya sa masu wurin ke korar mai singileti da wandon gida. Launi ya zama baƙi ko shuɗi mai duhu. Fari da ruwan ƙwai suna nuna tsiraici da zarar sun jiƙe, mai su kuma bai sani ba.

A Sabon Gari akwai sababbi a shagunan kayan wasanni, a Ƙofar Wambai akwai gwanjo. In gwanjo ne, tale shi ka ɗaga wa hasken rana. In ka ga haske yana ratsawa, ko ka ji robar tana ƙaras-ƙaras, ta riga ta mutu. Auna ƙugunka da tef ɗin tela a kan fata kafin ka fita. Mai inci 34 ya ɗauki 34, kada ya ƙara don kunya, domin wando yana ƙara saki a ruwa. Lallai ya zama da mazagi, roba kaɗai ba ta riƙe wando lokacin da ka tunkuɗa bango da ƙafa. Aljihu kuma in babu raga ko huda a ƙasansa, iska da ruwa za su cika shi ya kumbura ya riƙa janka baya.

Bayan an fito, a ɗauraye da ruwan sanyi nan take, a matse a hankali ba murɗawa, a shanya a inuwa. Ranar Kano da dutsen guga duk suna ƙona roba.

Almajirin Ƙofar Mata:
Allah ya saka wa mai horo da alheri. Zan ƙara abu ɗaya ta fuskar fiƙihu, domin a nan ake ruɗewa. Al'aurar namiji a gaban maza daga cibiya ce zuwa gwiwa. Malaman Malikiyya sun raba ta biyu, mai kauri da mai sauƙi, cinya tana cikin mai sauƙi, amma sauƙin bai mai da ita abin bajewa a bainar jama'a ba. Sun kuma karhanta tufa mai fitar da siffar al'aura saboda matsewa. To ka ga ɗan kamfai ya faɗi ta fuska biyu, jama shi kaɗai ya tsira daga ɗaya, ninki biyun nan ya tsira daga duka.

Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwa kan wani abu. Kana iya ganin baƙo ɗan wata ƙasa, ko ɗan wasa mai atisaye, da ɗan kamfai. Hukuncin tufa daban, yanke wa mutum hukuncin ɗan iska ko wani mugun suna daban. Ba ka san addininsa ba, ba ka san inda ya taso ba. Abin da ke kanka shi ne runtse ido, in kuma Musulmi ne da ka sani, ka ja shi gefe ka gaya masa. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi, kuma ba ta ware mai teɓa ko ramamme ba. Ɗaukar hotonsa a waya a tura a WhatsApp ya fi sa ɗan kamfan muni nesa ba kusa ba.

Ma'aikaciyar Lafiya, Tarauni:
Ƙanina, bari in taɓa ɓangaren jiki, don kunyar nan tana kai yara ga cutar da kansu. Kitse ya fi tsoka sauƙi a ruwa, saboda haka mai jiki ya fi saurin koyon kwanciya a kan ruwa, siriri mai tauri ƙafafunsa ne ke fara nutsewa. Ninƙaya kuma tana cikin motsa jikin da ya fi dacewa da mai ƙiba, domin ruwa yana ɗauke nauyi daga gwiwa da ƙugu. Wanda ake yi wa dariyar shi ya fi kowa buƙatar wurin.

Wanda ke son sanin ko tumbinsa ya kai na damuwa, ya auna cikinsa daidai wajen cibiya. Kada ya kai rabin tsawonsa: mai tsawon santimita 170, cikinsa ya tsaya ƙasa da 85.

Kumburin nono ga saurayi lokacin balaga abu ne da aka saba gani, yawanci yana bajewa da kansa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Kada a matse, kada a ɗaure da ƙyalle, kada a ƙona. In gefe ɗaya ne da ƙullutu mai tauri, ko yana fitar da ruwa, a ga likita. Kafin nan akwai rigar ninƙaya mai gajeren hannu, yadinta irin na wandon, tana rufe ƙirji da ciki, tana kuma kare baya daga rana. A ɗauki wadda ta zauna a jiki, mai faɗi tana tashi ta rufe fuska.

Su kuma sirara, don Allah a guji ƙwayoyin nan na sha ka fashe. Da yawansu dezametazon ne a ciki. Fuska da ciki ne ke kumbura, hannu da ƙafa su ƙara ramewa, sukari da hawan jini su biyo baya. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, a hankali ake rage shi a hannun likita.

Mai Horo na Nasarawa:
Hajiya ta gama magana. Saura inda kunyar ke kai mutum: wasu don gudun ido sai su tafi kududdufin bayan gari ko su nufi madatsar ruwan Tiga, su shiga da doguwar riga da dogon wando. Rigar tana nannaɗe ƙafa, gindin kududdufi laka ce da rami, ga tsargiya a ruwan da ke kwance. Mai jin nauyin mutane ya tambayi masu wurin wanka lokacin da babu cunkoso, galibi safiyar ranakun aiki ce. Ya zo da babban tawul ya yafa har bakin ruwa, ya fara daga inda ruwan bai wuce ƙirjinsa ba, kuma kada ya shiga sai mai ceto yana zaune a wurin.