Wane suna za mu sa wa "dengue" da Hausa?

Mai gwajin jini, unguwar Nima a Accra: Jama'a, muna neman sunan da za a yi amfani da shi a sanarwar masallatai da rediyo. "Zazzaɓin cizon sauro" maleriya ta riga ta cinye shi, alhali wannan ma sauro ke kawo shi. Ya yi ɓarna a Burkina Faso a 2023, hukumar lafiya ta Gana kuma ta tabbatar da ɓullarsa a yankin Gabas a Yulin 2024. Amma har yau duk wanda jikinsa ya yi zafi, maganin maleriya ake miƙa masa.

Nas, Mamobi: Malam, kada dai a rubuta "dangi", sai a ɗauka ciwon gado ne! Ni na fi son "zazzaɓin karya-ƙashi": zafi har digiri 40, gaɓoɓi kamar an yi wa mutum duka, ciwo a bayan ido.

Mai gwajin jini: Hajiya, maleriya ma tana sa ciwon gaɓoɓi. Kuma wanda ya ji "karya-ƙashi" kemis zai ruga ya sayo ibuprofen ko asfirin, su kuwa suna ƙara haɗarin zubar jini. Farasitamol kawai, da ruwa da yawa. Gwajin jini ne ke rarrabewa: na NS1 (mai gano alamar ƙwayar cutar) a kwana 5 na farko, na IgM (mai gano garkuwar da jiki ya samar) bayan nan.

Duba-gari, unguwar Madina a Accra: A ce "zazzaɓin sauron rana". Sauron baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, yana cizo da sassafe da bayan la'asar, lokacin da ba kowa cikin gidan sauro. Bai cika son kwata ba. Ruwa mai tsabta yake so, na duro, na galan Kufuor (jarkar roba ta ɗiban ruwa) da aka bari a buɗe, na tsohuwar taya. Ƙwansa yana manne a jikin duro, yana jure bushewa wata da watanni, don haka zubar da ruwan bai isa ba. A dirje cikin da soso duk mako, a rufe.

Nas: Yaya, ai sauron nan shi ke kawo shawara ma, sunan zai haɗa cuta biyu. Mu tsaya a "zazzaɓin denge", mu riƙa ƙarawa "na sauron rana" don bayani.

Mai gwajin jini: Na amince. Sai a sa a sanarwar cewa haɗarin yana zuwa ne lokacin da zazzaɓin ya sauka. Ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, jini a dasashi ko hanci: a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.