"Gani ya kori ji": tana da gurbi a taron bidiyo kuwa?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Akwai karin maganar da shugabannin taro suka mayar hujja duk lokacin da za su ce kowa ya kunna kyamara a Zoom ko Google Meet, wato "gani ya kori ji". Wai sai an ga fuska ake tabbatar mutum yana nan. Masana, an ajiye ta a gurbinta?

Malamin Hausa, Kongo: Wa alaikumus salam. Ba gurbinta ba ne. Jin da ake nufi na "an ce, ka ce" ne, labarin da wani ya kawo maka. A ce maka masarar wane a Shika ta yi kyau bana, ka taka ka gane wa idonka, nan ne gani ya kori ji. Wanda kake sauraron muryarsa kai tsaye ba labarinsa aka ba ka ba, daga bakinsa kake ɗauka. Saboda haka karin maganar ba ta ce ido ya fi kunne daraja a zance ba.

Injiniyan PZ (unguwa a Zariya): Allah ya gafarta malam, lissafi ma yana bayanka. A ƙa'idar da Zoom ya wallafa, murya kaɗai tana buƙatar kilobit 60 zuwa 80 a sakan. Hoto mai kyau na 720, wato HD, tsakanin mutum biyu yana son megabit 1.2 fita, 1.2 shiga. Ku buga da kanku: kilobit 80 sau sakan 3,600, a raba da 8, megabait 36 ke nan a awa ta ɓangare ɗaya. Megabit 1.2 kuwa megabait 540 ne a awa, a haɗa shiga da fita an haura giga ɗaya. Hoto ya ninka murya sau goma sha biyar ke nan.

Kuɗin data ma ƙaramar magana ce. Babbar ita ce hanyar fita. A layin waya, turawa ta fi saukewa rauni, musamman da yamma a unguwa mai cunkoso irin Samaru idan ɗalibai suna gari. Murya ana yanka ta gunduwa-gunduwa, yawanci ta milisakan 20, wato guda 50 a kowane sakan. Idan hoto ya cika hanyar fita, gutsattsarin murya sai su yi layi a bayansa, wasu su makara, wasu su ɓace. Manhaja tana iya cike gurbin ɗaya ko biyu ba a lura ba, amma da sun yi yawa sai ka ji murya tana karkarwa tana yankewa. A nan kam gani ya kori ji da gaske, sai dai ba korar da ake so ba.

Hajiya, Tudun Wada: Injiniya, ka yi sauri. Akwai zaman da ba ya yiwuwa sai da fuska. Ɗalibi yana kare kundin digirinsa, mai jarrabawa na waje yana wata jiha, dole a tabbatar shi ne ke amsawa, ba wani ke raɗa masa ba. Haka ganawar ɗaukar aiki. Ga kuma mai matsalar ji da ke dogara da motsin leɓe. Ka ce da waɗannan su rufe kyamara?

Injiniyan PZ: A'a Hajiya, ban ce a binne kyamara ba, a auna ta. Mai magana ya kunna, masu sauraro su kashe. A Google Meet na kwamfuta, cikin saitin bidiyo, za ka iya rage ingancin hoton da kake turawa zuwa 360, wanda kake karɓa kuma ka mayar da shi murya zalla. Zoom da Teams suna da maɓallin tsayar da hoton da ke shigowa: su suna ganinka, kai ba ka sauke nasu. A kuma guji hoton bango na bogi a ƙaramar waya ko tsohuwar kwamfuta, aiki yake ƙara wa na'ura, ta yi zafi, ta rage gudu, murya ta fara tsalle.

Mai Ɗaukar Hoto, Sabon Gari: In ƙara kan ta Hajiya, yawancin masu kunna kyamarar ma ba a ganinsu. Mutum ya zauna taga tana bayansa da tsakar rana, kyamara ta auna hasken tagar, fuska ta koma inuwa. Farar shadda mai ƙyalli ma tana jawo haka, domin kyamara takan rage haske saboda ita. A juya a fuskanci taga, a ɗora waya kan littattafai daidai tsayin ido, a goge gilashin kyamara da gefen riga. Wanda ya ajiye waya a cinya, silin da ƙasan haɓarsa kawai yake nuna mana, data kuma tana tafiya.

Ɗan Samaru: To tunda murya ce gaba, mu sauya karin magana mana. "Kunne ya girmi kaka" fa?

Malamin Hausa, Kongo: Ƙanena, ka fita daga rami ka faɗa wani. Wannan tana magana ne kan tarihi, cewa kunne yana jin abin da ya faru tun kafin a haifi kakanka. Ba ruwanta da ingancin sauti. Idan dole sai an nemo wadda ta dace da bayanin Injiniya, "daidai ruwa daidai tsaki" ta fi kusa.

Malama, Gyallesu: Ni ina ganin "gani ya kori ji" tana da gurbi a taron, amma wajen nuna allo, ba fuska ba. Ma'aji yana karanto alƙaluman kasafi da baki, kowa yana rubuta abin da kunnensa ya kama, wani ya ji sha biyar, wani hamsin. Ya buɗe takardar a allo, musu ya ƙare. Wannan ai shi ne ainihin ma'anar da Malam ya faɗa: ka ga abin da kanka. Kuma ba tsada, Zoom ya ce nuna allo kaɗai kilobit 50 zuwa 75 ne, kusan daidai da murya, domin rubutu ba ya motsi.

Sai dai a kiyaye. A zaɓi taga ɗaya ta takardar, kada a nuna allon gaba ɗaya, in ba haka ba saƙon WhatsApp na gida zai faɗo kowa ya karanta. A ƙara girman rubutu, domin mafi yawan mahalarta a waya suke, jadawalin Excel mai layi talatin ba ya karantuwa a tafin hannu. Sannan a tura takardar a matsayin PDF tun kafin zama, wanda layinsa ya yanke ya ci gaba da bi da lambar shafi.

Malamin Hausa, Kongo: Malama, wannan na karɓa hannu bibbiyu.

Baba Mai Ritaya, Ƙofar Doka: 'Ya'yana, ku yi mini bayanin abu ɗaya. Me ya sa yara masu ladabi suke katse manya a irin wannan taro? Kuma sallama kaɗai takan cinye lokaci.

Injiniyan PZ: Ranka ya daɗe, ba rashin kunya ba ne, jinkiri ne. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta G.114, ta ce idan murya ta isa cikin milisakan 150 zance yana tafiya lafiya, idan ta haura 400 ya lalace. Baba ya ɗan numfasa, yaro ya ji shirun a makare, ya zaci an gama, ya fara magana daidai lokacin da Baba ya riga ya ci gaba. Maganinsa tsari: shugaba ya riƙa kiran suna, mai son magana ya danna alamar ɗaga hannu, mai magana ya rufe da "na gama". Sallama kuma shugaba ya amsa a madadin jama'a, saura su amsa makirufo a rufe ko a rubuce. Mutum talatin suka amsa tare, manhaja 'yan muryoyin da suka fi ƙarfi take zaɓa, sauran hayaniya ce.

Mai Gyaran Waya, Kwangila: Baba, ga ƙarin abin da ke ɓata ji. Muryar da ke dawowa: wanda yake jin muryarsa tana dawo masa ba shi ne mai laifi ba, wani ne lasifikarsa ke zuba sauti cikin makirufonsa. Shugaba ya rufe makirufo ɗaya bayan ɗaya, inda ta tsaya nan matsalar take. Ƙarar da ke tsaga kunne kuwa na'ura biyu ne a ɗaki ɗaya, kowace da sautinta a buɗe. Ɗaya ta fita daga sautin gaba ɗaya, rufe makirufo kaɗai ba ya isa. Abin kunne mai igiya ya fi na Bluetooth, domin na Bluetooth yakan rage ingancin sauti da zarar makirufonsa ya fara aiki, ga caji. Ƙarar janareta da fanka manhaja tana iya tace su tunda ba sa sauyawa, amma hon ɗin babur da kukan yaro sukan wuce. A kwamfuta, Alt da A ke rufe makirufo a Zoom, Ctrl da D a Meet.

Sai hotspot. Idan wayar da ke ba kwamfuta intanet ba ta da VoLTE, wato tsarin yin kira ta kan 4G, kira yana shigowa za ta sauka daga 4G, taro yana iya tsayawa cak. A sa layin data a MiFi, wato ƙaramar na'urar raba intanet, ko wata wayar daban, a ajiye ta bakin taga, musamman a gidajen cikin birni masu kaurin katanga.

Hajiya, Tudun Wada: Duk na ji, amma ban sauka daga kan bakata ba. Minti biyu na farko kowa ya buɗe kyamara a gaisa, a san da wa ake zaune, sannan a rufe. Minti biyu ko a lissafin Injiniya bai kai megabait 40 ba.

Injiniyan PZ: A wannan ingancin 36 ne, Hajiya, taron jama'a zai ɗan fi haka. Na yarda, da sharaɗin a kirga shi cikin lokaci. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa, Meet minti 60 idan an kai mutum uku. A buɗe ɗaki da wuri don gwajin sauti, agogon yana cin nasa, don haka a tura mahaɗi na biyu tare da na farko tun a takardar gayyata.