Abin da masu lambun gida suka ce game da bazara

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a gindin mangwaro a Samaru, mu masu ɗan lambu a bayan gida, hira ta koma kan zafin Afrilu.

Kan ban ruwa kowa ya yarda: da asuba ko bayan rana ta yi sanyi, ban da tsakar rana. Wani dattijo daga Tudun Wada ya ce a rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, ƙasa ta daɗe da laima. Na gwada a kan alayyafona, gaskiya ya faɗa. Wata Hajiya tana zuba wa zogalenta ruwan wanke shinkafa, amma ban da mai omo.

Tumatir kuwa a haƙura, zafi yana kakkaɓe furensa.

Inda aka ja magana shi ne ruwan farko. Matasa suna ɗokin shuka kuɓewa da rama da zarar an yi yayyafi, dattawa suka ce a jira ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Mayu ko Yuni, don iri kan ƙone idan ruwa ya ɗauke. Ni ina bayan dattawa. Kafin nan a tara kashin kaji ya ruɓe sosai, ɗanye yana ƙona saiwa, a kuma gyara danga saboda awaki.